Mako biyar a gefen carbin wata tsohuwa a Bod Gaya

Jirgin ƙasa ya sauke ni a tashar Gaya da asuba, cikin hazo mai jiƙa riga da wani sanyi da ban taɓa sanin irinsa ba ko a hunturun Zariya. Daga nan na hau a-daidaita-sahu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, zuwa Bod Gaya, ƙaramin gari a jihar Bihar ta Indiya. A nan ne mabiya addinin Buda suka yi imani cewa Siddata Gotama, wanda ake kira Buda, ya zauna a gindin wata bishiya, dangin cediya da durumi, har ya sami abin da suke kira farkawa. A jakata akwai rikoda, littattafan rubutu uku, sallaya, da wasiƙa daga malamar da ke duba aikina a jami'a a Dalhi.

Aikin kimiyyar harshe ne ya kai ni. Ina digiri na biyu a fannin tsarin sauti, kuma batun kundina shi ne yadda kalmomin Sanskirit, tsohon harshen addini na Indiya, ke sauya kama idan suka shiga bakin wasu al'ummu. A watannin Disamba da Janairu babu inda ya kai Bod Gaya dacewa da wannan aiki, domin lokacin ne mutanen Tibet, Siri Lanka, Tailan, Bama, Biyetnam, Koriya, Japan da Sin ke cika haraba guda, kowa na karatu da nasa bakin. Kafin in taso na kira Baba na sanar da shi. Ya yi shiru, ina jin ƙwas-ƙwas ɗin carbinsa ta waya, can ya ce, "To, je ka ji da kunnenka, ka rubuta gaskiyar abin da ka ji. Amma harshenka amana ne, ka san abin da za ka ɗora masa." Na ce, "In sha Allahu, Baba." Da wannan sharaɗi na tafi, kuma a kansa na dawo. Ban karanta mantara, wato kalamin ibadar da suke maimaitawa, ko sau ɗaya da niyyar ibada ba. Na saurara, na rubuta, na ƙirga.

Ba a shiga harabar haikalin Mahabodi, babban wurin ibadar da ke jikin bishiyar, da waya. Tun bayan bama-baman da suka tashi a wurin a watan Yuli na 2013 ake ajiye wayoyi a ƙofa. Don haka a ciki biro da takarda kaɗai ne kayan aikina, naɗar murya kuwa sai a gidajen 'yan zuhudu da ke cikin gari, bayan na nemi izini. Ana buɗe ƙofa da ƙarfe 5 na asuba. Ni sai na yi salla a masallacin garin, na sha shayi, sannan in shiga. Hasumiyar haikalin ta haura mita 50, bishiyar tana bayanta ta yamma. Sarki Ashoka ne ya fara gina wurin ibada a nan a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, kuma a 2002 hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya. Amma a wancan hazon kunne ne ke riga ido isa. Tun daga matakala za ka ji wani gunji mara yankewa, kamar ka kara kunne a jikin amya. Sai ka matsa kusa kake gane cewa bakunan ɗaruruwan mutane ne, kowane yana maimaita wasu 'yan gaɓoɓi.

Waɗannan gaɓoɓi su ne mantara: gajeren kalami, galibi da Sanskirit, da ake maimaitawa ba adadi. Al'adar ta girmi addinin Buda kansa, don tun a littattafan Beda na tsohuwar Indiya ake da ita. Wadda ta fi yawa a harabar ita ce mai gaɓa shida, om mani padme hum. Kwanakina na farko na yi su cikin murna, domin abin da na zo nema yana zube ko'ina. Masanin Sanskirit Ba'indiye yana naɗe harshe a kan "ni", ya fitar da "d" ta "padme" sarai. Mutumin Tibet ya ce om mani peme hung. Basine ya ce an ma ni ba mi hong. A bakin 'yan Tibet "vajra" ta koma "benza", "svaha" ta koma "soha". Da Bahaushe ne ya karɓa, "fadme" zai ce, kamar yadda kakanninmu suka ɗauki al-lauh na Larabci suka mai da shi allo. Na cika shafuka da irin wannan.

Sai dai a kowane shafi na ja layi na bar gurbin ma'ana, kuma gurbin ya ƙi cika. Mani dutse ne mai daraja. Padma furen bado ne. Om da hum ba su da fassara a ƙamus. Turawa sun daɗe suna fassara jimlar da "dutse mai daraja a cikin bado", masana nahawun Sanskirit da yawa kuma suna ganin mani da padme kalma guda ce, suna ne da ake kira. Littafi mafi daɗewa da aka san ya kawo ta shi ne Karandabyuha, na wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, inda aka jingina ta ga Abalokiteshbara, wanda 'yan Tibet ke kira Cenrezig, wato siffar jinƙai a wurinsu. Na tambayi mutum ya fi goma. Wani ya ce tana wanke zunubi, wani ya ce tana kawo lada, wata ta ce kakarta ce ta koya mata. Babu wanda ya ba ni fassara. A raina na fara yanke hukunci cewa surkulle ne kawai, mutane na tauna abin da ba su san kansa ba. Ina faɗin wannan ne don na san da yawa cikin masu karanta ni nan za su fara tsayawa, kamar yadda na tsaya.

Wasiƙar malamata ce ta kai ni gaban wani ɗan zuhudu mai muƙamin geshe, wanda sai an shafe kusan shekara 20 ana karatu da muhawara ake samunsa. Ya yi nasa karatun a jihar Karnataka ta kudancin Indiya, inda 'yan Tibet suka sake kafa manyan makarantunsu bayan sun yi gudun hijira daga mulkin Sin a 1959. Ana kiransa Geshe-la, domin "la" ita ce alamar girmamawa a harshensu. Tun kafin in zauna na gaya masa ni Musulmi ne, ba zan karanta ba. Ya ce ai a Lasa, babban birnin Tibet, akwai Musulmi tun ƙarnoni, Kace ake ce musu, ba baƙon abu ba ne. Da na kawo tambayar ma'ana sai ya girgiza kai.

"Ba yau ba," in ji shi. "Akwai wata tsohuwa da ke zama kusa da shingen dutse ta arewa. Zauna kusa da ita, ka ƙirga min sau nawa take faɗa a awa guda. Kada ka tambaye ta komai sai bayan mako. Ƙirga kawai."

Na ce, "Geshe-la, ƙirga ai ba ta da wuya."

Ya ce, "To, sai ka kawo min adadin."

Tsohuwar ta haura saba'in, gashinta fari a kitse biyu, tana naɗe da bargo a kan doguwar rigarsu. Duk hunturu takan sauko daga wani matsugunin 'yan Tibet da ke tsaunukan arewacin Indiya. Ama-la kowa ke kiranta, wato Inna, ni ma haka na kira ta. Da Geshe-la ya yi mata bayani, sai ta daddaɓa gefen shimfiɗarta ta ce, "Bu," wato ɗana. Hannunta na hagu riƙe da carbi, na dama yana juya wani ɗan gwangwani a kan sanda, wanda aka naɗe takarda a cikinsa ɗauke da mantarar nan dubbai. Kullum ta dama ake juya shi, kamar tafiyar hannun agogo, kuma haka ake kewaya haikalin.

Na buɗe littafi na fara jan ɗan layi duk lokacin da ta kai "hung". Ban kai 300 ba lissafi ya ɓace. Ba hayaniya ce ta ɗauke ni ba. Na farga ne kawai na tarar da kaina ina lissafin kuɗin hayar ɗakina na Dalhi, hannuna na jan layi ba tare da kunnena ba. Na sake daga farko. Wannan karon hawan jinin mahaifiyata ne ya ja ni har Zariya. Na uku kuwa wata gardama ce da muka yi da wani abokina shekara biyu baya, na tsinci kaina ina shirya amsar da ya kamata in ba shi a lokacin, har ƙirjina ya yi zafi. Kwana uku ina wannan, ban taɓa cika minti goma ba tare da zuciya ta sulale ba. Abin ya tsorata ni ƙwarai. Na girma ina jin malamai na maganar halartar zuciya a salla, amma ban taɓa auna yawon tawa da biro da agogo ba sai a gefen wannan tsohuwa.

A rana ta huɗu na daina kallon bakinta na koma kallon hannunta. Carbin nasu, mala, 'ya'yansa 108 ne, amma zagaye guda 100 suke lissafa shi. Takwas ɗin na cike gurbin waɗanda aka faɗa da kuskure ko cikin gafala ne, wato tun wurin ƙera carbin an san zuciya za ta gudu. Akwai babban ɗa guda da suke kira na malami, ba a tsallake shi. In an iso gare shi sai a juya carbin a komo. A jikin carbin an rataya igiyoyi biyu, kowace da ƙananan zobban ƙarfe goma. In ta gama zagaye sai ta ture zobe guda a igiyar farko. In goman sun cika, 1,000 ke nan, sai ta ture guda a ta biyu. In ta biyun ta cika, 10,000, sai ta matsar da wani ɗan maƙali daga tsakanin 'ya'yan carbin zuwa gaba. Da agogona na auna: zagaye guda na cin kamar minti uku, awa guda zagaye 20, wato 2,000. Tana yin awa biyar a yini.

Muryarta ƙasa-ƙasa take, sai ka matso sosai. Daga baya na ji ƙa'idarsu ce: a ɗaga murya daidai yadda wuyan rigarka kaɗai zai ji. Takan jera biyar ko shida a numfashi guda, ta ja iska a hankali, ta ci gaba. Da na ƙirga, numfashinta bai wuce shida a minti ba. Wannan ya tuna min da wani bincike da Luciano Bernardi na Jami'ar Pavia ta Italiya da abokan aikinsa suka buga a mujallar likitoci ta Birtaniya a 2001, inda suka gano cewa addu'ar carbin 'yan Katolika da karatun mantara duk suna sassauta numfashi zuwa kusan shida a minti. Na kai wa Geshe-la wannan da ɗoki. Ya saurara, ya ce yana da kyau, amma wanda ya shuka gero don kara ya yi asarar damina. Ba da waɗannan kalmomi ya faɗa ba, da shinkafa da bambaro ya yi nasa misalin, amma nufin ke nan.

Da mako ya cika na je masa ba tare da adadi ba. Na gaya masa gaskiya, ban iya ba. Ya ce yanzu za a iya magana. A fassarar malamansu, in ji shi, "man" daga kalmar zuciya ko tunani take, "tra" kuma kariya. Mantara ita ce abin da ke kare zuciya, kuma mafi yawan abin da ake kare ta daga gare shi a cikinta yake: fushi, kwaɗayi, hassada, girman kai, da irin wancan yawon da na gani da idona. Mutum yana da ƙofa uku, jiki, baki da zuciya. Carbi da gwangwanin juyawa sun riƙe jiki, gaɓoɓin sun riƙe baki, don bakin da ke mani ba ya gulma a lokacin. Saura zuciya, kuma ita ce aikin.

Ya bayyana min abin da ke gudana a cikin Ama-la wanda biro ba ya kamawa. Kafin ta taɓa carbi tana ƙulla niyya cewa don amfanin dukkan masu rai za ta yi. Tana cikin karatu tana sawwara Cenrezig, fari, mai hannu huɗu, gaɓoɓin shida na kewaya a ƙirjinsa, haske na fita daga cikinsu yana isa ga duk mai shan wahala. A aƙidarsu masu rai na kai-komo a gidaje shida: na halittun sama, na masu kishinsu, na mutane, na dabbobi, na fatalwowi mayunwata, da na 'yan wuta. Kowace gaɓa na fuskantar gida guda, kuma ana haɗa su da halaye shida da ake son cikawa: kyauta, kamun kai, haƙuri, himma, tattara hankali da hikima. Dalai Lama na 14, jagoran addinin 'yan Tibet, wanda suke ɗauka a matsayin bayyanar Cenrezig, yakan yi bayanin cewa mani na nufin jinƙai, padme hikima, hum kuma haɗuwarsu ba rabuwa, om kuwa jiki da baki da zuciya ne da ake son tsarkakewa. In ta gama sai ta sadaukar da ladan ga kowa. Karatun da babu niyya a farkonsa, babu sadaukarwa a ƙarshensa, in ji Geshe-la, kukan aku ne.

Nan na yi tambayar da ke cina tun ranar farko. Na ce, "Geshe-la, wa take kira? Wa ke ji?"

Bai kauce ba. Ya ce a addininsu babu mahalicci, kuma Cenrezig bai halicci kowa ba. Talakan Tibet na kiransa kamar yadda yaro ke kiran uwa, yana kuma sa ran taimako, wannan gaskiya ne. Amma a karatu mai zurfi, ana maimaita sunan jinƙai ne har mai maimaitawar ya rine da shi, ya zama babu tazara tsakanin mai kira da abin kira.

A nan hanyarmu ta rabu, kuma na gaya masa haka. Duk Bahaushen da ya ga Ama-la zai tuna da tsofaffinmu da carbi bayan asuba, ni ma Baba na tuna. Hannun iri ɗaya ne, lanƙwasar wuyan iri ɗaya. Amma Baba yana ambaton Ubangijin da ya halicce shi ne, yana bawa a gaban Mai shi, ba ya neman zama Shi. Masu cewa ai duk abu guda ne ba su yi wa kowane ɓangare adalci ba, kuma Geshe-la da kansa bai yarda da wannan magana ba. Sai dai na janye kalmar surkulle da na yi a zuci. Ban yarda da aƙidar tsohuwar nan ba, amma ta san abin da take yi sarai, ta ma fi ni sanin inda zuciyarta take a kowane minti.

Sauran matsalar ta kundina ce. In har ƙarfin mantara a sautinta yake, ta yaya "padme" za ta koma "peme" a ce ba abin da ya lalace? Ni da na tashi a hannun malaman tajwidi, inda ake tsayar da yaro a kan harafi guda har sai ya fito daga mafitarsa, wannan ya yi min nauyi. Geshe-la ya amsa da wani labari da suke bayarwa game da Sakya Pandita, babban masanin Tibet da ya rayu daga 1182 zuwa 1251, gwanin Sanskirit. Wai ya iske wani mai halwa yana karanta "cili cilaya" a maimakon "kili kilaya", ya gyara masa. Mutumin ya ɗauki turken ibadarsa, ya faɗi nasa "cili cilaya", ya soka shi cikin dutse kamar cikin taɓo. Masanin ya sunkuyar da kai. Darasin a wurinsu shi ne yaƙini ya fi furuci, ko da yake Geshe-la ya ƙara da cewa wannan ba lasisin sakaci ba ne, wanda zai iya gyarawa ya gyara.

To me ya sa ba a fassara ta kowa ya huta? Wannan tsohuwar tambaya ce. Shuwanzang, ɗan zuhudun Sin da ya baro ƙasarsa a 629, ya yi karatu a babbar makarantar Nalanda nan cikin Bihar, ya koma gida a 645 ya shafe sauran rayuwarsa yana fassara, ana jingina masa ƙa'idar abubuwa biyar da ba a fassarawa, kuma kalaman asiri na cikinsu. Shi ya sa a Sudar Zuciya, wani gajeren nassi da ake karantawa kullum a Sin da Koriya da Japan, an fassara nassin amma aka bar gate gate paragate parasamgate bodi svaha da sautinta, alhali ma'anarta ba ɓoyayya ba ce: an tafi, an tafi, an haye, an haye gaba ɗaya, farkawa. A Japan, ɗariƙar da Kukai ya kafa a farkon ƙarni na 9 sunanta ma Shingon, wato kalmar gaskiya, fassarar mantara ke nan. Abin da na fahimta, kuma shi ya zama ƙashin bayan kundina, shi ne abin da suke tsarewa silsila ce. 'Yan Tibet na da abin da suke kira lung: malami ya karanta da baki, almajiri ya ji da kunne, kamar yadda shi ma ya ji daga nasa malamin. Mani kowa na iya yi, amma mantarori da yawa ba a taɓa su sai da lung, wasu ma sai da bikin izini da ake kira wang. Sautin ya goge a hanya kamar tsohon kwabo, amma hannu da hannu ya zo.

Makonni biyu na tsakiya na yi su ina zagaya sauran bakuna. A gefen haikalin akwai alluna dogaye jere, masu santsi saboda guga, inda matasa da tsofaffi ke miƙewa rub da ciki su tashi, su sake. Suna cika sharaɗin share fage ne da ake kira ngondro: zubewa 100,000, da mantarar Dorje Sempa, siffar tsarki a wurinsu, mai gaɓa 100 ita ma sau 100,000 don neman tsarki daga laifi, da wasu ayyukan. Na auna wani matashi, kowace ɗaya na cin masa daƙiƙa 25, wato kusan awa 700 ke gabansa. Da sassafe kuma yara 'yan zuhudu na karanta ta Manjushiri, siffar hikima, om a ra pa tsa na di, su ƙare da di-di-di-di har numfashi ya ƙare, don buɗe ƙwaƙwalwa kafin hadda.

'Yan Siri Lanka da Tailan da Bama daban suke. Wani ɗan zuhudu ɗan Siri Lanka, da ake kira Bante, ya gyara min tun a jimlar farko: su ba mantara suke yi ba, paritta ce, nassoshi ne da harshen Pali masu ma'ana a fili. Ya ba ni misalin wadda ake yi don macizai. A nassinsu, maciji ya sari wani ɗan zuhudu ya mutu, Buda ya ce da ya shimfiɗa ƙauna ga dangogin macizai huɗu da hakan ba ta faru ba, sai ya koyar da kalmomin da ke cewa ina ƙaunar marasa ƙafa, da masu biyu, da masu huɗu, da masu yawa. Kariyar a ƙaunar take, in ji Bante. A ɗariƙar daji ta Tailan kuma kalma guda ce, buddo: "bud" da shigar numfashi, "do" da fitarsa. Akwai kuma 'yan Japan masu ɗan ganga, suna namu myoho renge kyo, kalamin da malaminsu Niciren ya fara shelantawa a 1253.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba. Na ga ana karatu a tofa a ruwa, ana ɗaura zare a wuyan hannu, ana sayar da layu a bakin ƙofa, na ga masu neman ciniki da masu neman haihuwa. Ba kowa ne ke can yana gyaran zuciya ba, kuma malamansu sun san haka.

Duk da wannan zagaye, kowace safiya sai na yi awa guda a gefen Ama-la da littafina. A mako na huɗu jikarta ta zo daga makaranta, ta yi mana tafinta. Ashe tun rasuwar mijinta ta ɗauki alkawari. A al'adarsu ana yi wa mamaci karatu kwana 49, ita kuwa da kwanakin suka cika ba ta ajiye ba, ta ƙudura cika dung guda, wato miliyan 100. Na buga lissafi a gefen shafi: a 10,000 kullum, kwana 10,000 ke nan, sama da shekara 27. Ta ce ta wuce rabi. Jikar ce ke rubuta mata adadin a wani ɗan littafi.

Na ce, "Ama-la, duk don shi?"

Ta ce a'a, da shi aka fara. A koyarwarsu babu mai rai da bai taɓa zama uwarka ba a wata rayuwa, har karnukan da ke kwance a bakin ƙofa. Sannan ta yi shiru, gwangwanin na juyawa. Ta ce tana yarinya ta ƙetaro tsaunuka da ƙafa a 1959, kuma ba duk waɗanda suka taso tare ne suka iso ba. In ta zo sadaukar da lada tana farawa da mijinta da iyayenta, ta bi ta kan maƙwabta, ta gangaro kan waɗanda ba ta sani ba, daga ƙarshe sai sojojin da suka kore su. Shekaru da yawa, in ji ta, in ta iso kansu sai bakinta ya yi nauyi, ta faɗa da baki ƙirji ya ƙi. Jikar ta tsaya da fassara ta dube ta. Tsohuwar ta ƙarasa: yanzu wasu ranakun ƙirjin na yarda, wasu ranakun ba ya yarda, shi ya sa ba ta gama ba.

A daren na koma shafin farko na littafina, inda gurbin ma'ana yake fayau tun ranar da na iso, na rubuta maganarta a ciki yadda jikar ta fassara min.

Ranar da zan tafi na shiga da wuri. Hazo ya yi sauƙi, ana ganin ƙolin hasumiyar. Na zauna, na duba agogo, na fara jan layi. Zuciya ta sulale sau da yawa, amma yanzu ina jin lokacin da take zamewa, in komo da ita kafin gaɓa ta shida ta wuce. Da awa ta cika na tara layukana, 2,160. Na leƙa igiyoyin carbinta: ta ture zobe biyu a ta biyun, zagaye 20 cif. Na nuna mata shafin. Ba ta iya karanta shi ba, amma ta gane, ta kama hannuna da nata mai sanyi ta girgiza. Ta yi wa jikar magana, jikar ta ce, "Tana tambaya, ya jikin mahaifiyarka?" Sau ɗaya na taɓa ambata mata, mako biyu baya. Na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ta gyaɗa kai, ta murza carbin a tafukanta, ta hura masa iska, ta koma kan ɗan farko.

Na ce, "Tuje ce, Ama-la," wato na gode. Ta ɗago ido ba tare da bakinta ya tsaya ba. Na je na yi sallama da Geshe-la, na ba shi adadin da ya nema tun mako huɗu baya, ya rubuta shi a bayan wata takarda ya sa a aljihu. Ina karɓar wayata a ƙofa aka fara kiran azahar, na saɓa jakata na nufi masallaci.